Otal ɗin da hawan dutse ya haifa: jirgin ƙasa da kogin ƙanƙara a yammacin Kanada

A shekarun 1890, jirgin fasinjan da ya taso daga Montreal ya nufi gaɓar Tekun Fasifik yakan ci birki a wata 'yar tasha da ke tsakiyar duwatsun Selkirk, a lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada. Ba gari a wurin, ba ƙauye, ba ko gona. Abin da ke akwai shi ne wani ginin katako mai faffaɗar baranda da ake kira Glacier House, da ɗakin cin abinci wanda aka gama jera wa faranti tun kafin a ji kukan jirgi. Fasinja yana da kamar rabin sa'a ya ci ya koma tarago. In ya ɗaga kai daga barandar, sai ya hangi wani farin abu mai ratsin shuɗi ya gangaro daga saman duwatsu har cikin daji, kamar kogin da aka ce wa tsaya ya tsaya. Wannan shi ne kogin ƙanƙara na Illecillewaet, kuma a zamanin tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a ƙafa daga ƙofar otal ɗin zuwa bakinsa.

Yawanci ana ɗaukar labarin irin waɗannan otal-otal a matsayin labarin masu kuɗi da yawon buɗe ido. Daga baya ya zama hakan. Amma asalinsa lissafin nauyi ne da hawan tudu, kuma wanda bai fahimci wannan lissafi ba ba zai gane dalilin da ya sa aka gina otal a inda ba kowa ba, balle dalilin da ya sa aka rushe shi bayan shekara arba'in da 'yan kai.

Biritish Kolombiya ta shiga tarayyar Kanada a 1871 bisa sharaɗin za a haɗa ta da gabashin ƙasar da layin dogo. Aikin ya yi ta jan ƙafa har 1881, lokacin da aka kafa kamfanin Canadian Pacific, gwamnati ta ba shi dala miliyan 25 da fili eka miliyan 25. Kamfanin ya zaɓi ya bi ta kudu, kusa da iyakar Amurka, don kada kamfanonin jiragen Amurka su riga shi kwashe kasuwar yankin. Wannan zaɓi ya jefa shi cikin katanga biyu: duwatsun Rocky, sannan duwatsun Selkirk a bayansu, waɗanda a lokacin ba wani safiyo da ya tabbatar akwai mashigin da jirgi zai iya bi ta cikinsu. Manjo A. B. Rogers, safiyo Ba'amurke, shi ne ya hango mashigin daga yamma a 1881 tare da ja-gorori 'yan ƙabilar Secwepemc, ya kuma tabbatar da shi daga gabas a 1882. Tsayin mashigin mita 1,330 ne daga matakin teku, kuma har yau sunansa yake ɗauke da shi. An buga ƙusar ƙarshe ta layin a Craigellachie ranar 7 ga Nuwamba 1885. A ɓangaren yamma na aikin, leburori 'yan Chaina kimanin 15,000 ne suka fasa duwatsun kwazazzabon kogin Fraser, ɗaruruwa daga cikinsu suka mutu, kuma a wannan shekarar ta 1885 gwamnati ta ɗora harajin dala 50 a kan duk ɗan Chainan da zai shigo ƙasar. Ba a ganin ko ɗayansu a shahararren hoton buga ƙusar ƙarshe.

Lissafin da ya hana taragon abinci hawa dutse

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa jirgi yake jan kaya mai yawa da ƙarfi kaɗan: kowane tan ɗaya na buƙatar jan da bai wuce nauyin kilo 2 zuwa 3 ba. Da zarar an fara hawa, lissafin ya sauya. Hawan kashi 1 cikin ɗari, wato dogon ya ɗaga mita ɗaya a kowace mita ɗari, yana ƙara kilo 10 a kan kowane tan. Shi kuma kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce kusan rubu'in nauyin da ke kan ƙafafunsa masu juyawa da ƙarfin tururi. In ya wuce haka, ƙafafun sai su riƙa juyawa a wuri ɗaya suna tartsatsi.

A ƙaddara kan jirgi mai tan 40 a kan waɗannan ƙafafu. Iyakar jansa kilo 10,000 ke nan. A fili zai motsa fiye da tan 3,000. A hawan kashi 2.2 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar da yarjejeniyar gwamnati ta yarda da ita, kowane tan na cin kilo 25, don haka kayan ya dawo tan 400, har da nauyin shi kan jirgin da taragon kwal da ruwan da yake ja. A hawan kashi 4.5 kuwa, abin da zai iya bai fi tan 200 da kaɗan ba, kuma in an cire nauyinsa na kansa, saura taragai uku ko huɗu. Wannan a busasshen dogo ne. In raɓa ta daskare a kai, ko dusar ƙanƙara ta sauka, kamun ƙafar yana raguwa sosai, sai an riƙa zuba yashi ta bututu a gaban ƙafafun.

Wannan hawa na kashi 4.5 ba misali ba ne kawai. Shi ne ainihin abin da aka shimfiɗa a mashigin Kicking Horse na duwatsun Rocky, mai tsayin mita 1,627, daga kan tudu zuwa tashar Field. Kamfanin ba shi da kuɗi ko lokacin haƙa dogon rami a cikin dutse, sai ya nemi izinin gangarowa kai tsaye a matsayin hanyar wucin gadi. Ma'aikata suka raɗa wa wurin Babban Tudu, kuma wucin gadin ya ɗauki shekara 25. Jirgi mai nauyi yakan buƙaci kan jirgi har huɗu kafin ya haye, wasu a gaba, wasu na turawa daga baya, abin da ya sa Field ta zama garin ajiye injina da ma'aikatansu.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Jirgin aiki na farko da ya gwada gangarowa a 1884 ya ƙwace, mutum uku suka mutu. Daga nan aka kafa doka: kowane jirgi zai tsaya a kan tudu a duba birkinsa da bututun yashi, na fasinja ba zai wuce gudun kilomita 13 a sa'a ba, na kaya kuwa kilomita 10. Aka kuma yanka gajerun layukan tsira guda uku da ke karkata su hau gefen dutse. Dabarar da ke cikin wannan tsari ita ce, a kowane lokaci ƙarfen juya hanya a buɗe yake zuwa layin tsira. Sai mai gadin wurin ya ji usur ɗin da ke nuna direba yana riƙe da jirginsa, sannan ya juya ƙarfen zuwa babban layi. In bai ji ba, ba ya taɓa komai, jirgin da ya ƙwace ya hau gefen dutse da kansa ya rasa gudu. Ko barci ya ɗauke mai gadi, kuskurensa ba zai sa jirgi ya ci gaba da gangarawa ba.

Me ke sa jirgi ya ƙwace alhali yana da birkin iska? Kowane tarago yana da 'yar tukunyar iska a ƙarƙashinsa, daga cikinta ake samun ƙarfin matse birki, kuma ba ta sake cika sai an saki birkin. Direban da ya yi ta matsawa yana saki a kai a kai a doguwar gangara zai zuƙe tukwanen kafin su cika, ya kai hannu a karo na biyar ko na shida ya tarar ba komai. In kuma ya matse ya ƙi saki, takalman birkin su yi zafi su daina kamawa, ko ƙafar ta kulle ta riƙa zamewa a kan dogo, kuma ƙafar da ke zamewa ba ta riƙe jirgi kamar wadda ke juyawa a hankali. Shi ya sa a wancan zamani ake da masu birkin hannu, waɗanda a jirgin kaya suke tafiya a kan rufin taragai, cikin sanyi da duhu, suna murɗa sitiyarin birki ɗaya bayan ɗaya.

To, a cikin wannan hali, taragon cin abinci kaya ne mai tsada. Yana ɗauke da murhun ƙarfe, tankin ruwa, akwatin ƙanƙara, tebura da kwanuka, nauyinsa ya kai na taragon fasinja ko ya fi, kuma ba a sayar da tikitin kujera ko ɗaya a cikinsa. Hawa da shi kan duwatsu yana nufin a rage taragon fasinja ɗaya ko a ƙara kan jirgi. Shawarar da babban manajan kamfanin, William Van Horne, ya yanke ita ce a cire taragon abinci kafin a shiga duwatsu, a gina gidajen cin abinci a bakin layi daidai inda lokacin cin abinci zai riski jirgi. Haka aka samu guda uku tsakanin 1886 da 1887: Mount Stephen House a Field, Glacier House a Selkirk kusa da mashigin Rogers, da Fraser Canyon House a North Bend. Mai zanen gine-gine Thomas Sorby ne ya tsara su, da fasalin gidajen katako na duwatsun Suwizalan.

Daga ɗakin cin abinci zuwa masauki

Jirgin fasinja na farko da ya ratsa ƙasar ya bar Montreal ranar 28 ga Yuni 1886, ya isa Port Moody ranar 4 ga Yuli. Tafiyar kusan kwana shida, amma ba kowa ke yin ta iri ɗaya ba. Mai tikitin daraja ta ɗaya yana da gado da labule da ma'aikacin da ke shimfiɗa masa. Baƙin da suka zo daga Turai neman gonaki suna cikin taragon talakawa mai bencin katako, kowa da bargonsa da guzurinsa, da murhu ɗaya a ƙarshen taragon da ake bin layi a dafa shayi. Gidajen abincin kan dutse na rukunin farko ne aka gina su.

Kamfanin yana cikin bashi, yammacin ƙasar kuma bai cika da mutanen da za su cika taragai ba. Abin da yake da shi a yalwace shi ne kyan wuri. Akwai maganar da ake dangantawa da Van Horne, cewa tunda ba za a iya fitar da duwatsun zuwa waje a sayar ba, sai a shigo da masu kallonsu. Gwamnati ta taimaka: ta keɓe wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi na Banff a 1885, ta kuma keɓe gandun daji na Glacier, inda Glacier House yake, da na Yoho a 1886. Otal ɗin Banff Springs ya buɗe a 1888, ƙaramin masaukin tafkin Louise kuma a 1890. Ya kamata a faɗa cewa ƙasar nan ba kango ba ce. 'Yan ƙabilar Stoney Nakoda sun daɗe suna farauta a yankin Banff, mutuminsu ne ma ya nuna wa ma'aikacin kamfanin hanyar tafkin Louise a 1882, amma dokokin gandun suka ture su daga wurin.

Glacier House ya fara da 'yan ɗakunan kwana kaɗan, domin ba a yi zaton wani zai so kwana ba. Sai fasinjoji suka fara barin jirgi ya tafi. Wurin ya cika har aka ajiye taragon barci a gajeren layi kusa da otal ɗin don saukar da waɗanda ba su sami ɗaki ba. Aka ƙara gini a farkon shekarun 1890, aka sake ƙarawa bayan 1900, har ɗakuna suka kai kusan 90. Aka yi hasumiyar hange mai tabaron hangen nesa, da ɗakunan wasa, da ɗaki mai duhu na wanke hoto, domin yawancin baƙin da kyamara suke zuwa. Duk abin da ake ci da wanda ake ƙonawa a murhu jirgi ne ke kawo shi, kuma kasuwar otal ɗin ta 'yan watannin zafi ce.

Abin da ke jawo su shi ne ƙanƙarar. Kogin ƙanƙara yana samuwa ne a inda dusar da ke sauka a shekara ta fi wadda ke narkewa. Ta bana ta danne ta bara, ta bara ta danne ta bara waccan, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ta fice, sai ta zama ƙanƙara mai tauri mai launin shuɗi. In kaurinta ya kai gomman mitoci, nauyinta yakan sa ta fara malalowa ƙasa a hankali, kamar kakkauran kunu a kan faifan da aka karkata. Saman kuwa ba ya lanƙwasawa, tsagewa yake yi, shi ya sa ake samun ramuka masu zurfi waɗanda sabuwar dusa ke rufe bakinsu. Bakin kogin yana tsayawa ne a inda narkewa ta yi daidai da abin da ke gangarowa. In zafi ya rinjaya, bakin ya ja baya, duk da cewa ƙanƙarar kanta ba ta daina gangarowa ba.

Wasu 'yan gida ɗaya daga Philadelphia, George da William da Mary Vaux, sun fara zuwa a 1887. Da suka dawo bayan shekaru suka ga bakin ƙanƙarar ya ja baya, sai suka mai da abin aikin awo. Hanyarsu mai sauƙi ce, kuma ingantacciya. Suna ɗaukar hoto daga kan dutse ɗaya kowace shekara. Suna shafa fenti a jikin manyan duwatsun da ke gaban ƙanƙarar su auna tazarar da ke tsakani. A 1899 suka jera farantan ƙarfe a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, suka riƙa duba su da na'urar safiyo. Bayan makonni layin ya lanƙwashe, faranti na tsakiya sun wuce na gefe, domin gefen yana gogar dutse. Ba don jirgi yana sauke mutum kusa da bakin ƙanƙarar ba, da wuya a sami irin wannan awo na shekara da shekaru tun wancan zamani, kuma da shi masana ke kwatanta abin da suke gani yau.

Masu hawan dutse ma sun biyo layin. Wasu limaman coci biyu daga Ayalan, William Spotswood Green da Henry Swanzy, sun hau dutsen Bonney a 1888. A 1890 Emil Huber da Carl Sulzer daga Suwizalan, tare da ɗan dakonsu Harry Cooper, suka kai ƙololuwar dutsen Sir Donald mai tsayin mita 3,284, wanda ke tsaye a kan otal ɗin. A 1896 wani lauya Ba'amurke, Philip Abbot, ya faɗo daga dutsen Lefroy kusa da tafkin Louise ya mutu. Kamfanin ya gane cewa baƙon da ya mutu a dutse asara ce ga kasuwarsa, sai a 1899 ya ɗauko ƙwararrun ja-gorori biyu daga Interlaken ta Suwizalan, Edouard Feuz da Christian Häsler, ya ajiye su a Glacier House. Aikinsu shi ne su ɗaure baƙi da igiya a jere da tazara tsakaninsu, don in ɗaya ya rufta rami sauran su riƙe shi, su sassaƙa matakala a jikin ƙanƙara da gatari, su caka sanda a gaba don gane inda dusa ta rufe rami, su kuma tashi da baƙi tun asuba domin a sauko kafin rana ta sassauta dusar. Wasu suka biyo su, har kamfanin ya gina musu unguwa a garin Golden.

Abin da baƙon lokacin zafi ba ya gani

Dusar da ke ciyar da kogin ƙanƙarar ita ce ke kashe ma'aikatan layin. Iska mai ɗauke da danshin Tekun Fasifik tana karo da duwatsun Selkirk, ta hau, ta huce, ta sauke kayanta. A mashigin Rogers kimanin mita 10 na dusa ke sauka a shekara, kuma jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Kwarin ƙunci ne, gefensa a tsaye, dogon yana ƙasa can kamar zare a cikin kwata.

Dusa ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take, kowace guguwa da nata shimfiɗar. In aka yi kwanaki ana sanyi sama garau, saman dusar yakan yi wasu ƙwayoyi masu kama da gashin tsuntsu waɗanda ba sa mannewa. Sai sabuwar guguwa ta jibge musu mita ɗaya ko biyu a kai. Yanzu akwai katifa mai nauyi kwance a kan abin da bai fi garin gero riƙo ba. A gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, ɗan ɗumi ko iska ko ƙarin nauyi ya isa ya sa katifar ta tsage ta taho gaba ɗaya. Babbar zaftarewa tana iya wuce gudun kilomita 200 a sa'a, iskar da take turowa a gabanta kaɗai tana karya itatuwa. In ta tsaya kuma sai ta daskare kamar siminti, cakuɗe da kututture da duwatsu.

A hunturun farko bayan kammala layin, na 1885 zuwa 1886, ba a yi jigila ta mashigin ba. An bar injiniyoyi a sansanoni suna lura da inda dusar ke zaftarowa, da yawanta, da faɗinta. Da wannan bayani aka gina rumfuna 31 a kan dogo, jimillar tsawonsu ya haura kilomita 6. Rumfar ba ta tare zaftarewa, ba abin da zai iya. Aikinta ta bar ta ta wuce ta sama. A gefen dutse ana jera gungumen itace a sarƙe kamar akurki, a cika cikinsa da duwatsu da ƙasa, ya zama bango mai nauyi. Daga kansa rufin katako mai kauri ke gangarowa daidai da karkatar dutsen, ya sauka a kan ginshiƙai a gefen kwari. In rufin ya yi kwance da yawa, dusa za ta taru a kai ta karya shi. In akwai gaɓar da ta fito, zaftarewar za ta kama ta ta yaye rumfar. A inda dusa ke iya zuwa daga ɓangarori biyu, ana yin bangon a kowane gefe.

Rumfunan sun zo da nasu matsaloli. Busasshen katako ne, kan jirgi kuma yana feshin tartsatsin kwal, don haka gobara ce babbar barazana a lokacin zafi. Aka bar giɓi tsakanin dogayen rumfuna don kada wuta ta cinye su a jere, aka gina katanga mai tsini a saman kowane giɓi don ta raba zaftarewa gida biyu, aka ajiye ruwa da masu sintiri. Hayaƙi yana cika cikinsu ya shaƙe direba. Sannan suna rufe wa fasinja ainihin abin da ya biya kuɗi ya gani. Saboda haka a wasu wurare aka shimfiɗa layi na biyu a waje, na lokacin zafi, a koma cikin rumfa in hunturu ya zo.

Inda ba rumfa, sai injin share dusa mai babbar farfela a gaba, wanda kan jirgi ke turawa yana yanka dusar yana watsa ta gefe. Yana aiki da kyau a tsabtatacciyar dusa. A tarkacen zaftarewa kuwa, kututture ɗaya ya isa ya karya wuƙaƙensa, don haka dole mutane su shiga gaba da shebur da gatari da zarto. Ma'ana, ana tara mutane da yawa a daidai wurin da dusa ta riga ta nuna tana iya sauka, a daidai yanayin da ya sa ta sauka.

Abin da ya faru ke nan a daren 4 ga Maris 1910. Zaftarewa daga dutsen Cheops ta rufe layin kusa da ƙololuwar mashigin, ga kuma jirgin fasinja yana jira. Aka tura ma'aikata da injin share dusa, suka haƙa rami mai zurfi a cikin tarkacen suna bin dogo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, wata zaftarewar ta sauko daga dutsen da ke ɗaya gefen, ta cika ramin da mutanen ke ciki, ta jefar da kan jirgin da injin gefe. Mutum 58 suka mutu, 32 daga cikinsu 'yan Japan ne da aka ɗauko ta hannun 'yan kwangila. Kwana uku kafin nan, wata zaftarewar ta kashe mutum 96 a Wellington ta jihar Washington a Amurka, a layin kamfanin Great Northern. Tsakanin 1885 da 1911, fiye da mutum 200 dusa ta kashe a layin mashigin Rogers. Sunayen masu hawan dutse suna kan ƙololuwoyin yankin, amma waɗanda suka riƙe hanyar a buɗe da shebur, sai bayan shekaru masu yawa aka bi diddigin sunayen wasunsu.

Ramin da ya kashe kasuwar otal

Kamfanin ya riga ya magance Babban Tudu a 1909 da ramuka biyu masu murɗawa a cikin dutse kamar dodon koɗi, ɗaya mita 991, ɗaya mita 891, dabarar da aka koya daga layin Gotthard na Suwizalan. Tsawaita hanyar ya mai da hawan kashi 2.2. A Selkirk kuwa maganin shi ne a bar mashigin gaba ɗaya a bi ta ƙarƙashinsa. Ramin Connaught, mai tsawon kilomita 8 a ƙarƙashin dutsen Macdonald, ya fara aiki a Disamba 1916. An gaggauta shi ta hanyar haƙa ƙaramin rami a gefe, daga cikinsa a ɓulla zuwa babban ramin a wurare da dama, yadda ƙungiyoyin ma'aikata za su riƙa haƙa a lokaci ɗaya maimakon fuska biyu kawai. Ramin ya sauke ƙololuwar layin da kusan mita 170, ya kawar da kilomitocin rumfuna da kwane-kwanen da jirgi ke zagayawa a gefen dutse.

Ya kuma bar Glacier House a gefe. Sabuwar tashar tana can ƙasa kusa da bakin ramin, sai an ɗauko baƙi da keken doki. Injinan jirgi sun ƙara ƙarfi, hawa ya ragu, taragon abinci yana ratsa duwatsu ba tare da an cire shi ba, don haka dalilin farko na tsayawa ya tafi. Ƙanƙarar ma tana ta ja da baya, tafiyar zuwa bakinta na ƙara tsawo kowace shekara. Ginin katako ne da ya tsufa, dusa na danne rufinsa kowane hunturu, kuma a 1924 gobara ta cinye ɓangaren katako na otal ɗin tafkin Louise. Kamfanin ya zuba kuɗinsa a Banff da tafkin Louise, inda ya yi gini da kankare da dutse kuma mota ke iya zuwa. Aka rufe Glacier House bayan lokacin zafi na 1925, aka rushe shi a 1929.

Kada a rikita gandun Glacier na Kanada da mai irin sunansa a jihar Montana ta Amurka, wanda aka kafa a 1910. A can, Louis Hill na kamfanin Great Northern ya ga abin da Kanada ta yi, ya gina nasa da niyyar yawon buɗe ido tun daga tushe: babban masauki a bakin tasha a 1913, otal ɗin Many Glacier a 1915, da ƙananan masaukai a cikin duwatsu da tazarar yini guda a kan doki tsakaninsu. Da yake ba gidajen abincin jirgi ba ne, sauyin hawa ko ƙarfin inji bai taɓa su ba, kuma da aka yi titin mota sai suka sami sababbin baƙi. Manyan cikinsu suna aiki har yau.

Mashigin Rogers ya koma shiru har 1962, lokacin da babban titin da ya ratsa Kanada ya bi ta cikinsa, a wurare da dama a kan tsohuwar hanyar jirgin. Matsalar dusa tana nan yadda take, sai dai yanzu akwai rumfunan kankare, kuma kowane hunturu masana suna haƙa rami a dusar su duba shimfiɗunta, in sun ga haɗari a rufe titin, sojojin Kanada su harba igwa mai bakin milimita 105 zuwa saman gangaren, a sauko da dusar tun tana ƙarama. Jirgin ya sami rami na biyu a 1988, mai tsawon kilomita 14.7. A inda otal ɗin yake, akwai ragowar harsashin gini da guntayen ƙarafa a cikin daji kusa da wurin kafa tanti, kuma a rafin Loop da ke kusa ginshiƙan dutse na tsohuwar gada suna tsaye ba dogo a kansu. Tsakanin 1887 da 1962 bakin ƙanƙarar Illecillewaet ya ja baya kusan kilomita ɗaya da rabi, kuma wanda yake son taɓa shi yau sai ya yi sa'o'i yana hawa a kan dutsen da ƙanƙarar ta goge ta bari.